Daga Makin Ƙwallo Zuwa Nisabin Zakka: Yaushe Dabara Take Zama Ha'inci?

Gabanin buɗe kakar 2025/26 ta gasar Firimiyar Ingila, masu tafiyar da wasan nan na waya da ake kira Fantasy Premier League suka ƙara wata ƙa'ida a tsarin ba da maki. Duk ɗan bayan da ya kashe hari sau 10 a wasa ɗaya, ko ta hanyar ƙwace ƙwallo, ko datse ta, ko tare bugu, ko fitar da ita daga wurin haɗari, zai samu maki 2. Ɗan tsakiya da ɗan gaba kuwa sai sun kai sau 12. Babu ɗan wasan da ya ƙara gudu ko ƙwarewa a ranar da aka yi wannan sanarwa, amma kafin gari ya waye darajar 'yan ƙwallo da dama ta sauya a idon miliyoyin mutane. Waɗanda a da ko kallo ba su ishi kowa ba suka zama ana rububinsu.

Labarin bai tsaya a Landan ba. A Anka da Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara, kamar sauran garuruwan Arewa, gidajen kallon ƙwallo kan cika ranakun Asabar da Lahadi, janareto na ruri a bayan zaure, samari sun jeru a kan benci. A cikinsu akwai masu ido ɗaya a talabijin ɗaya a waya, domin ba nasarar Arsenal ko Chelsea kaɗai ta kawo su ba. Kowannensu yana da tasa ƙungiyar da ya haɗa, yana jiran ya ga makin da 'yan wasansa za su kawo masa. Abin da waɗannan samari suka ƙware a kai, wato karanta ƙa'idar lissafi sannan a tsara zaɓi a kanta, tsohuwar mas'ala ce da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa a zauruka. Shin halal ne mutum ya gina al'amuransa bisa yadda ake ƙirga? A ina wayo yake ƙarewa ha'inci ya fara?

Kafin a shiga hukunci, ya kamata a san yadda wasan yake. An fara shi a kakar 2002/03, yanzu kuma masu yin sa sun haura miliyan 10 a duniya, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi yawa. Ana ba kowa fam miliyan 100 na wasa, ba na gaske ba, ya sayi 'yan ƙwallo 15: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba zai ɗauki fiye da uku daga kulob ɗaya ba. Abin da waɗannan mutane suka yi a fili na gaskiya shi ake mayarwa maki. Ɗan gaba ya ci ƙwallo, maki 4. Ɗan tsakiya ya ci, maki 5. Ɗan baya ya ci, maki 6. Wanda ya bayar aka ci, maki 3. Ɗan baya ko gola da aka tashi ba a zura musu ba, maki 4, da sharaɗin ya yi minti 60 a fili. Katin gargaɗi na rage maki 1, jan kati na rage 3. Wanda ka naɗa kyaftin kuma makinsa ninki biyu ne.

Wannan ɗan bambanci na maki ɗaya tsakanin ɗan gaba da ɗan tsakiya ya yi shekaru yana juya zaɓin mutane. A kakar 2022/23 Erling Haaland na Manchester City ya ci ƙwallo 36, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a tarihin Firimiya, ya tashi da maki 272. Muhammad Salah na Liverpool ya ci 32 a kakar 2017/18, ƙasa da na Haaland da huɗu, amma ya tashi da maki 303. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an rubuta Salah a matsayin ɗan tsakiya, ko da yake a gaba yake taka leda. Ƙwallayen Haaland 36 sun ba shi maki 144, na Salah 32 sun ba shi 160. A kakar 2024/25 Salah ya ci 29, ya bayar aka ci 18, ya kafa sabon tarihi da maki 344.

Masu wasan sun daɗe da gane wannan kafa. A kakar 2019/20 an rubuta John Lundstram na Sheffield United a matsayin ɗan baya mai arahar fam miliyan 4, alhali kocinsa a tsakiya yake sa shi. Sai ya zamana yana kwasar makin ɗan baya idan ba a zura musu ba, yana kuma cin ƙwallo ana ba shi 6. Jama'a suka yi masa ca. Ba wanda ya ce sun yi maguɗi, domin ƙa'idar da kowa ya amince da ita suka bi.

Wani ɓangaren kuma tsarin ya danne shi. N'Golo Kante ya ci kofin Firimiya da Leicester a 2016, ya sake ci da Chelsea a 2017, takwarorinsa 'yan wasa suka zaɓe shi gwarzon shekara, amma ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar a wannan kakar, don haka a wasan waya ba shi da kasuwa. Haka ɗan Najeriya Wilfred Ndidi na Leicester, wanda ya fi kowa ƙwace ƙwallo a Firimiya a kakar 2017/18. Shekara da shekaru yana aikin da kowane koci ke so, tsarin maki bai san da shi ba. Lokacin da aka fara ƙirga irin aikinsa a 2025, Leicester ta riga ta faɗi daga gasar, shi kuma ya koma Besiktas ta Turkiyya.

Salon gasar ma na sauya zaɓi. Akwai wanda ake tara maki tun farkon kaka har ƙarshe, wanda ya fi yawa ya lashe. Akwai kuma na gaba-da-gaba, inda kowane mako ake haɗa ka da mutum ɗaya, wanda ya yi nasara ya samu maki 3 a teburi, canjaras 1. A wannan salo, wanda ya doke abokin karawarsa da tazarar maki ɗaya da wanda ya doke shi da arba'in lada ɗaya suke samu, har mutum kan iya fin kowa yawan maki a jimilla amma ya ƙare a tsakiyar teburi. Sai kuma salon zaɓe bi-da-bi da aka ƙaddamar a 2017, inda babu kuɗin saye, babu kyaftin, kuma ɗan wasan da wani ya riga ya ɗauka ya fita daga hannun kowa. Wanda ya zaɓa a ƙarshe a zagayen farko shi ke fara zaɓe a zagaye na biyu. A nan ƙaranci ne ke mulki. Idan mutum takwas ne a gasar, kowa na buƙatar 'yan gaba uku, jimilla 24, alhali kulob 20 ne a Firimiya kuma akasarinsu da ɗan gaba ɗaya suke fita. Wanda ya san wannan lissafi yakan yi sauri ya kama ɗan gaba mai buga wasa kowane mako, ya bar 'yan baya sai daga baya, tunda su suna da yawa.

Tambayar farko da iyaye da malamai kan yi ita ce ta caca, kuma a Zamfara tambaya ce mai nauyi. A nan ne Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka hana giya da caca a hukumance. Asalin wasan kyauta ake shiga, ba a biyan ko sisi, kyaututtukan kuma daga masu shirya shi suke fitowa. Matsalar tana zuwa ne idan abokai suka kafa tasu gasar, kowa ya zuba wani abu, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. Samari kan kare wannan da cewa ai ba sa'a ba ce, ilimi ne da bibiya. Gaskiya ne akwai ƙwarewa a ciki, amma fiƙihu ba nan ya sa ido ba. Abin da yake dubawa shi ne ko kowane ɗan takara ya shiga ne a kan ɗayan biyu, ko ya ci kuɗin 'yan'uwansa ko su ci nasa. Inda aka samu haka an samu caca, ko da wanda ya ci ya fi kowa basira.

Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a makarantar zaure ya wuce ta kan wannan a babukan ƙarshe. An halatta tsere da dawaki da raƙuma da harbin kibiya a kan kyauta, amma Imamu Malik ya sa sharaɗi mai tsauri: idan ɗaya daga cikin masu tseren ne ya fitar da kyautar, to in wani ya riga shi sai ya ɗauka, shi kuwa in ya zo na ɗaya ba za ta koma aljihunsa ba, sai ta tafi ga wanda ke biye da shi ko mahalarta. Idan aka tsaurara haka a kan tseren da ke horar da mayaƙa, babu yadda za a sassauta a kan wasan waya. Aya ta 91 a Suratul Ma'ida kuma ta bayyana illolin da ake gudu: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Na biyun na iya samun mutum ko babu kuɗi a tsakani, domin wasannin yammacin Asabar suna cin karo da La'asar, na bayansu kuma da Magariba.

Wannan hukuncin a fili yake. Tambaya ta biyu ce ta fi buƙatar tunani. Mutumin da ya saba, mako bayan mako, da neman inda ƙa'ida ta bar kafa, me zai hana shi ɗaukar wannan ido zuwa wajen da bai dace ba?

Ƙa'idar 'yan baya ta 2025 tana da iyaka: wanda ya yi 9 ba shi da komai, wanda ya yi 10 yana da maki 2, wanda ya yi 20 ma 2 ɗin ne. Duk makiyayin da ke kai dabbobi kasuwar Gummi ya san irin wannan lissafi, domin haka nisabin zakkar awaki da tumaki yake. Mai 39 ba a binsa komai. Daga 40 zuwa 120 akuya ɗaya ce. Daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 kuma uku. Duk inda aka ja layi irin wannan, an buɗe wa mai wayo ƙofa, kuma Shari'a ta hango hakan tun farko. A cikin takardar zakka da Sayyidina Abubakar ya rubuta wa Anas bin Malik, wadda Buhari ya ruwaito, an hana haɗa garken da yake a rarrabe ko raba wanda yake a haɗe don gudun zakka.

Imamu Malik ya fayyace wannan a cikin Muwaɗɗa da misalai biyu masu sauƙi. Mutum uku, kowa na da tumaki 40, zakkarsu uku ke nan. Da suka ji mai karɓar zakka na tafe sai suka haɗe garkensu ya zama 120, don a karɓi ɗaya kacal. Ga kuma abokan kiwo biyu, kowa na da 101, a haɗe 202, zakkarsu uku. Sai suka raba, kowa ya fitar da ɗaya. A duka biyun babu wanda ya ɓoye dabba, babu wanda ya yi ƙarya a kan adadi. Ƙa'idar ƙirga kawai suka karanta suka tsara kansu a kanta, daidai yadda masu wasa suka yi da Lundstram. Amma an halatta na wasan, an haramta na zakkar.

Bambancin yana cikin abin da ƙa'idar take tsare wa. A wasan waya, maki shi ne farko shi ne ƙarshe. Babu wani da haƙƙinsa ya rataya a kan ko Salah ɗan tsakiya ne ko ɗan gaba, kuma duk wanda ya shiga ya yarda cewa gasar ta karanta ƙa'ida ce. A zakka kuwa lambar 40 alama ce kawai da aka sa don a gane wanda yake da wadata. Abin da ake nufi yana bayanta: talaka da miskini da mai bashi da matafiyin da guzurinsa ya ƙare, waɗanda Suratut Tauba ta lissafa a aya ta 60. Wanda ya yi wasa da lambar ya cika sharaɗin takarda, amma tunkiya biyun da ya rage daga bakin wani ya cire su. Shi ya sa malaman Malikiyya suka ce wanda ya musanya dabbobinsa dab da cikar shekara don gudun zakka, za a karɓe ta daga gare shi duk da haka. Shi ya sa kuma Buhari ya ware littafi guda a cikin Sahihinsa a kan dabarun kauce wa hukunci, ya buɗe shi da hadisin niyya.

Shari'a ba ta tsaya a kan mai dukiya kaɗai ba. Ta san cewa adadi ba ya faɗin komai game da inganci, don haka ta hana a ba da tsohuwar dabba ko mai aibi a ce an cika lissafi. Ta kuma gargaɗi mai karɓa, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Mu'azu bin Jabal lokacin da ya aike shi Yaman, da kada ya zaɓe mafi kyawun dukiyar mutane. An sa lamba, sannan aka kewaye ta da sharuɗɗa ta kowane ɓangare, saboda an san lamba ita kaɗai ba ta iya ɗaukar duk abin da ake nufi. Wannan karatu ba baƙo ba ne a yankin da ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa don mai kiwo da mai noma su karanta hukuncin da harshensu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi na mai neman kafa, wato na mutumin kirki da ya amince da ma'auni har ya daina ganin abin da ma'aunin bai auna ba. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga wannan da idonsu. Lokacin da farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo a duniya, mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, suka duƙufa haƙa. Ana kawo dutsen gida, a daka, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, a wanke. Sikelin mai saye giram na zinariya kawai yake aunawa. Ƙurar dalmar da ke cikin dutsen, wadda take sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ba ta cikin lissafin kowa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara, kuma an ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai suka kamu. Bagega ba ta samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013.

Iyayen waɗannan yara ba ha'inci suka yi ba. Talakawa ne da suka ga hanyar ciyar da iyali suka bi, kuma babu wanda ya sanar da su abin da ke cikin ƙurar. Alhakin ya fi rataya a wuyan waɗanda suke da ilimi da iko, masu saye da hukumomin da ya kamata su sa ido, waɗanda suka bar farashin giram ya zama shi kaɗai ne abin da ake magana a kai. Darasin Ndidi ne a wani fage mai tsanani: abin da ba a ƙirga ba yana nan yana aiki, ko alheri ne ko sharri. A ƙwallo asarar ba ta wuce ɗan wasa ya rasa yabo ba. A Bagega rayuka ne.

Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki wannan wasa a ce shirme ne kawai, kamar yadda ba daidai ba ne a bar shi ba tare da iyaka ba. Saurayin da ya iya bayyana dalilin da ya sa ɗan gaba ya fi ɗan baya tsada a zaɓen bi-da-bi ya fahimci ƙaranci da daraja fiye da yadda wasu darussan aji suke koyarwa. Wanda ya lura cewa tsarin maki ya yi shekara 20 da ɗoriya bai ga irin aikin Kante ba, ya riga ya gane cewa ma'aunin da ɗan Adam ya ƙera yana da gefen da ba ya gani. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa a ibada da mu'amala ba a tsayawa kan cika lamba. Aya ta biyu a Suratul Mulk ta ɗora jarrabawar rayuwa a kan kyawun aiki ne, ba yawansa ba, kuma farillar da ba mai gani, kamar ciyar da iyali da biyan bashi da cika mudu, tana gaba da nafilar da ake yi a bainar jama'a.

Ga masu shirya irin wannan gasa a Anka da Gummi da Bukkuyum, abin yi bai da wuya. A cire zubin kuɗi gaba ɗaya. In ana son kyauta, wani daga waje wanda ba ya cikin gasar ya bayar, ko a wadatu da suna a saman teburi. A faɗi salon gasar da ƙa'idojinta tun kafin wasan farko, kada a sauya su a tsakiyar kaka don wani ya amfana. Masu gidajen kallo su ware lokacin salla. Malaman zaure kuma, idan suka zo babin zakkar dabbobi, su jarraba tambayar ɗalibansu matasa yadda ake samun maki 2 na ɗan baya, sannan su buɗe musu misalin masu tumaki arba'in-arba'in, su bar su su faɗi da bakinsu wanda aka cuta a cikin lissafin.